Zafin inji a silo da zafin inji a guje: ba ciwo ɗaya ba ne

Ɗan'uwa, ka ce injin jirgin ruwanka lafiya lau yake a silo, amma da ka ba shi wuta kuka ɗan yi gudu sai allurar zafi ta haura, ƙararrawa ta kama kuka. Na abokinka kuma, irin wanda ake ratayawa a bayan jirgi, a silo yake ɗaukar zafi, da ya fara gudu sai ya huce. Ka tambaya ko ku biyun ku canza tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwan sanyaya inji hanya idan zafi ya kai, kamar yadda aka ba ku shawara. Ni dai ina ganin ku dakata. Akwai abubuwan da ya kamata ku fara dubawa, kuma shi kansa tamostat ɗin ana iya gwada shi kafin a canza.

Na abokinka ya fi sauƙi. Injinsa ruwan da jirgin ke tafiya a kansa yake zuƙa, ya zagaya da shi cikin inji, ya fitar ta salansa. Mai zuƙo ruwan kuwa ita ce imfela, 'yar roba mai fukafukai a cikin famfon ruwa. A silo, fukafukan nan ne kaɗai ke matso ruwa sama. Idan sun cinye ko sun sandare, ruwan ba ya isa. Da jirgi ya ɗauki gudu, ƙarfin tafiyar kan tura ruwa cikin kafofin shiga, laifin imfelar ya ɓuya. Ya duba siririn ruwan nan da ke tsartowa daga bayan inji. In ya yi rauni, ya fara zura zaren kamun kifi a kafar, don laka ko ƙwaro na toshe ta. In bai gyaru ba, a kwance famfo. Ka kuma tambaye shi ko an taɓa tayar da injin a tudu ba ruwa, domin imfela ba ta kai minti ɗaya a bushe ba ta ƙone ba.

Naka shi ne mai neman haƙuri. Ruwa biyu gare shi: na ciki mai maganin tsatsa, wanda ke zagaye kamar na lagireton mota, da na waje wanda ke ratsa tukunyar musayar zafi ya kwashe zafin na cikin. A silo zafin da inji ke fitarwa kaɗan ne, ko rabin ruwa ya wadatar. A guje kuwa yana buƙatarsa duka, to ƙaramar toshewa ma sai ta bayyana. Saboda haka ka bi ruwan wajen tun daga mashigarsa. Leda ko ciyawa a bakin kafa, yashi a rariya, wannan kowa na dubawa. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne tiyon da ke tsakanin rariya da famfo: in ya tsufa yakan lotse ya manne idan zuƙa ta yi ƙarfi, da an rage wuta ya koma daidai kamar ba abin da ya faru. Haka ma murfin rariya in robarsa ta saki, iska famfo zai riƙa sha. Ka sa guntun tiyo mai garai-garai bayan famfo, wani ya tuƙa kai kana kallo, kumfa za ta nuna maka.

In ka buɗe famfo ka tarar wani fiffike ya gutsure, kada ka sa sabuwar imfela ka rufe. Guntun yana gaba, galibi a bakin ƙananan bututun tukunyar musayar zafi ko a na'urar sanyaya mai, kuma sai ka ciro shi. Na ƙarshe a layin shi ne gwiwar salansa, inda ruwa ke haɗuwa da hayaƙi. Tsatsa da gishiri na cike ta a hankali, ruwa ya rasa mafita. Gwiwa mai lafiya kana iya ɗora hannu a kanta na ɗan lokaci, wadda ta toshe kuwa ba ta taɓuwa, sai ka ga tururi a salansa.

In duk wannan lafiya, sai ka koma kan fambel, da yawan ruwan ciki, da murfinsa, amma bayan inji ya huce, kada ka buɗe shi da zafi. Ƙasan jirgi da ya yi gansakuka ko farfela da ta fi ƙarfin inji su ma suna sa shi wahala a guje.

Tamostat ɗin kuwa ba sai an yi ta ƙiyasi ba. A sa shi a tukunyar ruwa da ma'aunin zafi, a ga ko ya buɗe a lambar da aka buga a jikinsa. Kada dai ku yi musanya: injin da ruwan teku ke shiga kai tsaye yakan buɗe wajen digiri 60 na Salshiyas, don gishiri kan daskare a ciki in zafi ya wuce haka, irin naka kuma tsakanin 71 da 82. Cire shi gaba ɗaya ma ba gyara ba ne, inji zai riƙa aiki da sanyi yana cin mai.

In ka ga kumfa a ruwan ciki, ko man inji ya yi fari kamar madara, ka kashe injin. Wannan na iya zama alamar lalacewar gasket ɗin kan silinda, wato shimfiɗar da ke hana ruwa da mai haɗuwa a cikin inji, sai bakanike.