Pentax K1000 ko Canon AE-1: wacce ta dace da mai ƙaramin jari?

Ɗan'uwa, ka ce kana son fara ɗaukar hoto da fim, kuɗin hannunka ba su da yawa, kuma an nuna maka kyamarori biyu na hannu, Pentax K1000 da Canon AE-1, kana neman a zaɓa maka ɗaya. Dukansu sun fito a 1976, dukansu suna cin fim mai faɗin milimita 35, kuma mafi saurin labulensu, wato abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya faɗa kan fim, ɗaya ne: 1/1000 na daƙiƙa. Inda suka rabu shi ne abin da ke motsa su daga ciki.

K1000 ba ta dogara da lantarki ba. Sifirin da ƙananan ƙarafa ne ke buɗe labulenta su rufe, kuma ɗan batirin LR44 da ake sa mata ba ya yin komai sai kunna ma'aunin haske, wato allurar da ake gani idan an leƙa. Ko batirin ya mutu za ka ci gaba da aikinka, muddin ka iya kimanta haske da ido: a rana tsaka ka sa ƙofar gilashi, wato ramin da haske ke shiga ta cikinsa, a lamba f/16, ka zaɓi saurin da ya fi kusa da lambar fim ɗinka, wato ISO da ke nuna yadda yake saurin kama haske, misali 1/250 ga fim mai ISO 200. Sai dai ma'aunin nata ba shi da maɓallin kashewa, don haka idan ka bar gilashin babu murfi, batirin zai yi ta zuba a banza.

AE-1 kuwa ita ce ta farko da aka sa wa ƙwaƙwalwar lantarki a cikin kyamarori masu madubi a ciki irin waɗannan biyun. Kai za ka zaɓi saurin labule, ita kuma ta zaɓi faɗin ƙofar haske da kanta, abin da ke da amfani ƙwarai a wurin biki ko hawan sallah, inda abin ɗauka ba ya tsayawa ya jira ka gama saiti. Amma idan babu batirin 4LR44 mai bolt 6, ko motsi ba za ta yi ba, kuma wannan batiri ba a kowane shago ake samunsa ba. Tana da cututtuka biyu da masu gyara suka sani sarai: ƙarar da take yi kamar tari idan man da ke injin madubinta ya bushe, da murfin gidan batiri mai saurin karyewa. Ana iya gyara waɗannan, amma idan lantarkin ciki ne ya lalace, sau da yawa kuɗin gyara kan zarce na sayen wata.

Batun gilashi ma abin dubawa ne. AE-1 tana da bakin FD, wato wurin da ake ɗaura gilashi, amma Canon ta kawo sabon baki a 1987 lokacin da ta fito da jerin kyamarorin EOS, saboda haka gilasan AE-1 ba sa hawa kyamarorin EOS kai tsaye. Bakin K na Pentax, wanda aka fara a 1975, bai mutu ba, kuma kamfanoni irin su Ricoh da Chinon da Cosina sun ƙera kaya a kansa, shi ya sa gilasansa suka yawaita a kasuwar gwanjo. Kowacce ka ɗauka, gilashi ɗaya mai milimita 50, f/1.8 ko f/2, ya ishe ka shekara guda cur. Ka bar tsofaffin gilasan zum masu araha, wato masu jawo abu kusa ko nesa, domin yawancinsu ba sa shigar da haske sosai.

A ganina tsarin K1000 ya fi dacewa da mai koyo, musamman inda mai gyaran lantarkin tsohuwar kyamara ya yi wuya. Matsalarta ita ce suna ya sa ta yi tsada fiye da kima, alhali an yi ta ƙera ta har 1997, kuma na ƙarshe-ƙarshen da aka haɗa a China murfinsu na roba ne. Idan ka samu Pentax KM, wadda ta fi ta da agogon ɗaukar hoton kai, ko Ricoh KR-5, a kan farashi mai sauƙi, to ka ɗauka ba tare da jinkiri ba, domin hoton da za su ba ka ɗaya ne idan gilashi da fim ɗaya ne.

Kafin ka biya, ka buɗe bayan kyamarar ka duba soson da ke hana haske kutsawa, don yakan narke ya yi danƙo. Ka haska tocila cikin gilashin ka nemi funfuna. Sannan ka gwada saurin daƙiƙa ɗaya ka ji ko labulen yana maƙalewa. Ka kuma binciki inda za a wanke maka fim tun yanzu, saboda kuɗin fim da wanki da sikanin su ne za su ci aljihunka a kai a kai, kowane naɗi hoto 24 ne ko 36 kawai. Ka fara da Kodak ColorPlus 200 ko Gold 200, ka ajiye wanda ba ka sa ba a firji saboda zafi yana ɓata launi, ka kuma nemi mai sayarwa ya yarda ka mayar masa da kyamarar idan naɗin farko ya fito da tabon haske.