Tantin leda na 'yan China: zai iya riƙe mai son komawa daji da zama?

Tantin da muke magana a kai shi ne wanda ya fi yawa a hannun masu kayan China da masu gwanjo a Maraɗi: mai siffar ƙwarya a kife, sanduna biyu na fiba da ke gittawa a sama, rufin yadin roba, raga a ƙofa, ƙasansa leda. A jikin jakar an rubuta na mutum huɗu ne. Faɗinsa bai wuce mita 2 da 'yan kai kowane ɓangare ba, don haka gaskiyarsa mutum biyu ne da kayansu. Matasan birni da ke son zuwa gonar gado su yi damina a can, su ci daga abin da ƙasa ta bayar, su ne suka fi tambaya a kansa. Hukuncinmu a taƙaice: ɗakin kwana ne mai kyau na wata biyu zuwa uku, in an yi masa inuwa. Wanda ya ɗauke shi a matsayin gida zai sha wuya.

Abin yabonsa ba ya da yawa, amma na gaske ne. Ba shi da nauyi, ana ɗaure shi a bayan babur. Mutum biyu suna kafa shi cikin minti 15. In zif ɗinsa lafiya yake, sauro da kunama da maciji ba su da hanyar shiga, kuma wannan ne bukkar kara ba ta iya ba ka.

Matsala ta farko turakun da ke zuwa cikin jakar. Waya ce siririya wadda ba ta kai kamu ɗaya ba, an yi ta ne don ƙasa mai ciyawa da danƙo. A jigawa irin tamu, yashi ba ya riƙe ta ko kaɗan. Hadarin damina a nan daga gabas yake tasowa, kuma iska mai ƙura ce ke riga ruwan isowa. Ita ce ke tuge turakun, ta naɗe tantin, ta tsaga sandunan. Maganin shi ne a je wajen mai walda a yanko rodi mai kaurin milimita 8 ko 10, tsawon santimita 50, a lanƙwasa kansa, guda 10 zuwa 12. A kafa su a karkace, kai yana kallon waje. Inda yashi ya yi laushi sosai, a ɗaura igiya a tsakiyar guntun icce, a binne shi a kwance cikin rami mai zurfin santimita 40, a tattake. Igiyoyin gefe huɗu da mutane ke raina wa su bari a jaka, su ne ke hana sanduna lanƙwashewa, sai a ɗaura su duka. Ƙofa kuwa ta kalli yamma, don ruwa daga gabas yake bugowa, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take zuwa.

Sandunan fiba ba sa karyewa gida biyu, tsagewa suke yi a tsaye, yawanci a bakin ƙarfen da ke haɗa gaɓa da gaɓa, kuma tsagin yana da sartse mai shiga hannu yana yaga yadi. A ajiye guntun bututun ƙarfe mai tsawon santimita 15 da sandar za ta iya shiga, da robar tayar babur da aka yanka siri-siri. In sanda ta tsage, a zura bututun a kan wurin, a naɗe da roba. Yana kai mutum ƙarshen damina.

Amma abin da ke kashe wannan tanti da gaske rana ce. Yadin siriri ne, an shafa masa wani sinadari a ciki don hana ruwa. Rana irin ta Maraɗi, wadda a Afrilu da Mayu take wuce digiri 40, tana cin yadin kullum: launi ya koɗe, shafen ciki ya fara ɓarewa, daga nan ko da yatsa aka danna sai ya yage. Tun da hantsi ma cikinsa ba ya zaunuwa, ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Shi ya sa muke cewa kada a saye shi sai an yi niyyar yi masa rumfa. Shika-shikai shida, zana biyu ko uku ta gamba a sama, a bar tazarar aƙalla rabin mita tsakanin zanar da kan tantin don iska ta ratsa. A sa wata zanar a tsaye ta gabas. A babbake gindin shika-shikan kafin a binne, saboda gara. Kuɗin rumfar na iya kusan kamo na tantin, kuma in aka ce a zaɓi ɗaya, mu rumfar da gidan sauro mai magani za mu zaɓa.

Ruwa kuma ta ɗinki yake shiga, ba ta tsakiyar yadi ba. Kafin a biya kuɗi, a sa mai kaya ya buɗe tantin, a juya rufin a duba ko an liƙa wa ɗinkin siririyar leda ta ciki. A na gwanjo sau da yawa ta riga ta ɓanɓare, yadin yana danƙo yana wari. Irin wannan a bar masa abinsa ko nawa ya rage. A ƙirga gaɓoɓin sanda, a ja zif sama da ƙasa sau da yawa, a ɗaga ragar a hasken rana a ga ko da huda. Wanda rufinsa na sama ɗan ƙarami ne, iya tsakiyar kai kawai yake rufewa, ba na damina ba ne.

Ledar ƙasa ba ta jure ƙarangiya da tsidau da kututturen kara. A share wurin, a tara yashi ya ɗaga kamar santimita 10, a shimfiɗa tampol, a naɗe gefensa ciki kada ya leƙo waje, in ba haka ba ruwan rufi zai sauka a kansa ya kwanta ƙarƙashinka. A haƙa 'yar magudana ta ɓangaren tudu. Zif kuma ƙura ce ajalinsa: a goge shi da tsohon buroshin haƙori, a goga masa kyandir, ban da mai, don mai yana kama yashi. In ya fara buɗewa ta baya, a ɗan matse kansa da filaya a hankali. Gawayi ko risho ba sa shiga ciki ko da sanyin Janairu. Yadin yana kamawa nan take, hayaƙin gawayi kuma yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Sauran abin da ke mayar da sabon shiga gida, ba a jakar tanti yake ba. Ruwa ne kan gaba. Mutum ɗaya yana bukatar lita 15 zuwa 20 a rana don sha da girki da wanka, wato mutum biyu sun kusa shanye jarka biyu masu lita 25 kullum, kowace kuma kilo 25 ce. In rijiya ta yi nisa kuma babu jaki ko amalanke, rabin yinin noma zai tafi a ɗaukar ruwa. A kwarin Gulbin Maraɗi ruwa yana kusa, amma can ne ambaliya da sauro suke. A yi noma a fadama, a kwana a tudu. Ruwan tabki sai an tace an tafasa, ko a sa ƙwayar kulorin yadda aka rubuta a takardarta, a jira minti 30.

Sai abinci. Daji ba ya ciyar da baƙo. Tafasa da rama da yaɗiya da zogale mahaɗi ne, aduwa da magarya kuma da lokacinsu, anza ma sai an jiƙa ta kwanaki ana canza ruwa kafin ɗacinta ya fita. Ko gero mai saurin nuna irin HKP aka shuka a Yuni, sai ya yi wajen kwana 90, ga girbi ga sussuka. Babban mutum yana cin kusan kilo 20 na hatsi a wata, don haka mutum biyu su tafi da buhu ɗaya da rabi na gero, da wake, mai, gishiri da ƙuli-ƙuli. A ajiye su a durom mai murfi can gefe, domin ɓera yana huda tanti ya bi ƙanshin hatsi.

Ƙasa kuma tana da masu ita. Ko gonar aro ce, a je wurin maigari da kwamitin filaye na gari, wanda ake kira Cofob, a yi takarda. Kada a kafa tanti a burtali ko makiyaya, kada a sare gawo ko wani icce ɗanye ba da izinin ma'aikatan gandun daji ba. A yankunan iyaka na Madarunfa da Gidan Runji, musamman wajen dajin Baban Rafi, matsalar 'yan bindiga ta sa kwana a daji kai kaɗai ganganci ne. A zauna inda ake jin kiran sallar gari. A san gidan likita mafi kusa tun kafin a tare, saboda zazzaɓin cizon sauro na Agusta da Satumba, da kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. In ta sari mutum, ban da tsaga, ban da ɗaure ƙafa tamau, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Wa ya kamata ya saya? Mai gadin gona, mai lambun rani, da wanda zai kwana ciki kafin ya gama bukkarsa. Mai iyali da ƙananan yara kuwa ya sa kuɗin a zana da icce da tampol mai kauri, ya nemi mutanen ƙauyen su taya shi ɗaura bukka, ya rataya gidan sauro a ciki.