Kafin ka rubuta sunan kwas a fom, ka leƙa shekara ta biyu

Ba wanda zai yarda da cinikin biri a sama idan abin da zai saya shekara huɗu ko shida zai yi yana biyansa. Amma haka da yawanmu muka shiga jami'a. Sunan kwas ya yi mana daɗi a kunne, ko mun ga wani cikin farar rigar likita ya burge mu, sai muka cike fom. Kuɗin makaranta ana iya nemo wani idan ya salwanta. Shekarun ƙuruciya da ake zubawa a ciki kuwa ba mai mayar maka da su.

Shawarata ga duk mai shirin zaɓe, kai ne ko ke ce, ita ce a manta da sunan tukuna, a duba aikin da fannin zai riƙa ɗora wa mutum kullum. Nemi manhajar sashen, yawancin jami'o'i suna saka ta a intanet, ka tsallake shekarar farko domin darussan gama-gari ne suka cika ta, ka tsaya a shekara ta biyu. A nan kowane fanni yake nuna ainihin fuskarsa. Ka ari littafi ɗaya daga cikin waɗanda ake karantawa a wannan aji, ka zauna da shi awa biyu. Ba lallai ka gane ba. Abin da za ka lura da shi shi ne ko rashin ganewar yana jan ka gaba, ko yana sa ka duba agogo. Bayan wannan sai tambayoyi biyu da ake yawan mantawa: shin digirin kaɗai ya isa a fara aiki ko akwai wata ƙofa a gaba, kuma shin takardar tana da daraja idan ta ƙetare iyakar ƙasar da ta bayar da ita?

Injiniyanci da kwamfuta

Wani ƙanena tun yana ƙarami ba a ajiye rediyo kusa da shi, sai ya kwance ta ya ga cikinta. Kowa ya ce injiniyan lantarki ne wannan, shi ma ya yarda. A shekararsa ta biyu na buɗe littafin rubutunsa, shafi bayan shafi babu zanen waya ko ɗaya, sai lissafin yadda ƙarfin wuta ke sauyawa cikin daƙiƙa, da alamomin Girkanci jere kamar tururuwa. Ya ce mini ya yi mako shida bai taɓa sukundireba ba. Ya kammala, amma da ƙyar, kuma har yau yana cewa da ya sani da karatun fasaha na aikin hannu ya yi.

Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi da injiniyanci. Injiniya mai lissafa abu ne tun kafin a gina shi, kuma shi ke sa hannu cewa ba zai faɗi ba. Gadar Tacoma Narrows a Amurka an buɗe ta a watan Yulin 1940, ta rushe a watan Nuwamban shekarar, domin iska ta riƙa murɗa ta har ta tsinke, abin da masu tsara ta ba su yi lissafinsa yadda ya kamata ba. Har yanzu ana nuna wa ɗalibai hoton bidiyonta a aji. Saboda irin wannan ne ake cika manhajar da lissafi da fiziks. Idan hannunka ne mai basira, kanka kuma ba ya son dogon lissafi, karatun fasaha da ke horar da masu haɗawa da gyarawa ya fi dacewa da kai, kuma ba ƙasƙanci ba ne. Duniya ma ta ware wa kowane mataki yarjejeniyarsa ta amincewa da takardun juna tsakanin ƙasashe: ta Washington a 1989 domin digirin injiniya, ta Sydney a 2001 da ta Dublin a 2002 domin matakan fasaha da ke biye. Ƙasashe shida ne suka fara sa hannu a ta Washington, wato Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostareliya da New Zealand, daga baya wasu suka shiga. Idan kana da niyyar aiki a wata ƙasa, bincika ko hukumar da ta tantance sashenka tana ciki.

A cikin injiniyancin ma akwai bambanci. Na gine-gine da hanyoyi aikinsa a fili yake, cikin rana da ƙura, kuma yana tafiya da yawan ayyukan da gwamnatoci da kamfanoni ke bayarwa. Na injuna ya fi faɗi, kusan kowace masana'anta tana buƙatarsa. Na lantarki ya fi nisa da abin da ido ke gani, don haka ya fi dogara da lissafi. Na sinadarai kuwa mutane suna zaton kemistiri ne zalla, alhali yawancinsa lissafin zafi ne da gudun ruwa cikin bututu, kuma aikinsa yana taruwa ne inda akwai matatu da manyan masana'antu.

Kimiyyar kwamfuta ƙaramar ƙanwa ce a gidan. Jami'ar Cambridge ta fara ba da difloma a kanta a 1953, Jami'ar Purdue ta buɗe mata sashe a 1962. Daɗinta shi ne babu lasisi a ƙofarta, kuma aikinta yana ƙetare iyaka cikin sauƙi, domin mai ɗaukar aiki ya fi son ganin abin da ka gina. Wannan kuma shi ne haɗarinta: wanda bai taɓa shiga jami'a ba yana iya zuwa ya yi takara da kai. Abin da digiri zai ba ka wanda ɗan kwas na wata uku ba zai ba ka ba shi ne tushe, wato yadda ake tsara bayanai, da yadda ake auna ko hanyar warware matsala za ta ɗauki daƙiƙa ɗaya ko shekara. Harsunan rubuta manhaja suna zuwa suna wucewa. Idan ka ga sashen yana tallar sunayen harsuna kawai, babu lissafi a manhajarsa, ka yi hattara.

Likitanci da shari'a, masu ƙofa biyu

Waɗannan biyun su iyaye suka fi so, kuma su suka fi tsawon hanya. A Birtaniya karatun likita shekara biyar ne a yawancin jami'o'i, sannan shekara biyu na horo a asibiti. A Amurka sai ka yi digirin farko na shekara huɗu, ka ƙara huɗu a makarantar likita, sannan horon ƙwarewa na shekara uku zuwa bakwai. Aikin yini a farkon tafiyar hadda ce mai yawa: ƙasusuwa 206 na jikin babba, kowanne da sunan kowane tudu da rami da ke jikinsa, da jijiyoyi da hanyoyin jini. Daga baya sai tsayuwar dare a ɗakin marasa lafiya, da wari, da gaya wa iyali labarin da ba sa son ji. Wanda ya shiga don suna kaɗai yakan gane haka a lokacin da komawa baya ta yi tsada. Idan kula da mutane ne ke ranka, ka auna aikin jinya da haɗa magunguna da gwajin jini su ma, domin hanyarsu ta fi gajarta kuma ana nemansu ko'ina. Kafin ka biya ko sisi a makarantar likita, musamman ta wata ƙasa, tabbatar hukumar likitocin inda za ka yi aiki ta amince da ita. Na ga wanda ya dawo da takarda mai kyau da hatimi, aka ce ba zai zauna jarrabawar lasisi ba.

Shari'a ita ce takardarta ta fi wuyar ƙetare iyaka. Ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila suna dogara sosai da hukuncin da alƙalan baya suka yanke, waɗanda suka bi Faransa kuma suna da kundin doka rubutacce irin wanda aka kafa a 1804 zamanin Napoleon. Lauyan da ya ƙware a ɗaya ɗalibi ne a ɗayan. Don haka ka karanta shari'a a inda kake son tsayawa gaban alƙali, ko a ƙasar da tsarinta ya yi daidai da na wurin. Aikin yininta karatu ne mai yawa, na rubutun da ba a yi shi don daɗi ba. Iya magana yana taimakawa, amma haƙurin bin shafi tamanin don neman jimla ɗaya ya fi shi amfani.

Kasuwanci da akanta da tattalin arziki ba zan daɗe a kansu ba. Akanta tana da jarrabawar ƙwararru bayan digiri, kuma ita ce ke ɗaga darajar mutum. Tattalin arziki ya fi lissafi fiye da yadda sunansa ke nunawa. Digirin gudanar da kasuwanci kuwa shi kaɗai ba ya bambanta ka da dubban masu irinsa, sai ka haɗa shi da wata ƙwarewa.

Addini da adabi

A nan nake son a tsaya, domin nan aka fi yi wa ɗalibai rashin adalci. Ana ɗaukar waɗannan fannoni a matsayin mafakar wanda makinsa bai kai ba, kuma wannan tunani yana cutar da fannonin da ɗaliban duka.

Ibn Khaldun, a Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya raba ilimi gida biyu: wanda ake karɓa ta hanyar naƙali, wato ruwaya daga magabata, da wanda hankali ke kaiwa gare shi. Bai ɗauki ɗaya a matsayin wasa ba. Jami'ar Azhar ta Alƙahira, wadda ta haura shekara dubu, ta ƙara tsangayoyin likitanci da injiniyanci da noma bayan dokar 1961, suna zaune gefe da gefe da na shari'a da usuluddini.

Mai son karatun addini ya fara tantance wane iri yake nufi, domin abu biyu ne ke amsa suna ɗaya. Akwai karatu daga ciki, na mai imani da ke son ya ƙware a addininsa. Akwai kuma nazarin addinai daga waje, inda ake duba tarihinsu da tasirinsu a al'umma ba tare da an yanke hukuncin wanne ne gaskiya ba. Wanda ya je neman na farko ya faɗa na biyu zai yi shekara huɗu cikin ɓacin rai. Na farkon kuma harshe ne ƙashin bayansa. Ɗalibin Musulunci ba zai yi nisa ba sai da nahawu da sarfu da balaga, kafin ya shiga usulul fiƙhu da ilimin hadisi, inda zai zauna yana bin sarƙar masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya don ya ga ko wane ya riski wane. Rabon gado kaɗai lissafi ne na sosai. Ɗalibin tauhidin Kirista shi ma zai haɗu da Ibrananci don Tsohon Alkawari da Girkanci don Sabo. Ma'aunina a nan mai sauƙi ne: ƙirga awannin da manhajar ta ware wa harshen asali. Idan kaɗan ne, komai a fassara za a ba ka, kuma za ka fito kana maimaita maganar wasu.

Adabi shi ma ba karanta labari ba ne a kishingiɗe. Wanda ya zauna da awon waƙa ya san haka. Khalil bin Ahmad ya fitar da karuruwa goma sha biyar na waƙar Larabci, aka ƙara na sha shida bayansa, kuma ɗalibi zai yini yana yanka baiti gaɓa-gaɓa, doguwa da gajera, har kunnensa ya fara jin inda mawaƙi ya karya. Sannan ga rubutu, mako bayan mako, malami yana mayar maka da takarda da jan biro yana tambayar ina hujjarka. Abin da ake fita da shi iya karatu ne mai zurfi da iya rubutu mai tsabta, kuma kowace ma'aikata tana ƙishin waɗannan. Sai dai in faɗi gaskiya: babu kujerar da aka rubuta sunanka a kanta ranar da ka gama. Koyarwa, aikin jarida, fassara, gyaran littattafai, duk kai za ka nemo hanyar shiga. Don haka mai zaɓen adabi ko tarihi ko falsafa ya fara tun shekara ta biyu: ya ƙara harshe ɗaya, ya riƙa buga rubutunsa, ya koyi aiki da kwamfuta sosai.

Idan biyu suna jan ka

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma akwai wanda zuciyarsa ta rabu gida biyu da gaske. Gare shi ina cewa ya duba wace hanya ce ake iya dawowa gare ta daga baya. Injiniya ko likita yana iya komawa ya karanci adabi ko tarihi yana da shekara arba'in, da daddare bayan aiki. Komawa likitanci ko injiniyanci a wannan shekarun ya fi wuya nesa ba kusa ba, saboda ɗakin gwaje-gwaje da asibiti ba sa zuwa gida. Larabcin malanta da hadda su ma sun fi kama ƙwaƙwalwa da ƙuruciya. Tsarin Turai da ya biyo bayan sanarwar Bologna ta 1999, wanda ƙasashe 29 suka fara sa wa hannu, ya sa digirin farko ya zama shekara uku a wurare da yawa, na biyu kuma shekara ɗaya ko biyu, kuma a mataki na biyun ne ake samun damar karkata: mai lissafi ya koma tattalin arziki, mai nazarin harshe ya koma sarrafa harshe da kwamfuta.

Kafin ka miƙa fom, nemi mutum biyu da suka gama wannan kwas shekara biyar da suka wuce, ɗaya da ke aiki da shi, ɗaya da ya bar shi. Ka tambayi na farko yadda ranar Talatarsa take tun daga safe har dare. Na biyun kuma ka tambaye shi a wane zangon karatu ya fara jin cewa ba nan ba ne, da darasin da ya sa shi jin haka, sannan ka je ka nemo littafin wannan darasin.