Ranar da na yi ihun "an kawo wuta" a Alƙahira

Yaya, ka ce in ba ka labarin zaman Masar. Bari in fara da kunyar da na sha.

Lokacin zafin 2024 ne, ban fi wata biyu da sauka ba. Gas ya yi musu ƙaranci, sai gwamnati ta shiga ɗauke wuta awa biyu kullum, har ta kai uku. Amma da jadawali fa, kowace unguwa ta san lokacinta. Ranar ina tsaye a barandar bene ina shan iska, sai na ji fanka ta tashi a ɗaki. Wallahi ban san sanda na ɗaga hannu biyu na ƙwala "An kawo wuta!" ba. Mai gadin benen, dattijo ne, ya leƙo daga ƙasa yana tambaya ko gobara ce. Na sauko na yi masa bayani da guntun Larabcina, na ce a garinmu haka yara ke yi. Ya dube ni ya ce, "Ashe ba ku ne masu man fetur ba?" Na rasa ta cewa. Har yau in na wuce sai ya ɗaga hannu yana dariya.

Maganar ta tsaya mini a rai, sai na shiga bin diddigi. Akwai wata tasha a Bani Suwaif, kudu da Alƙahira a gefen kogin Nilu, mai aiki da iskar gas. Ƙarfinta megawat 4,800. Ka sake karantawa. Tasha ɗaya tilo, kusan abin da Najeriya kaf ke rabawa ke nan a ranar da ake cewa wuta ta gyaru. Egbin ɗinmu ta Legas da ake ji da ita 1,320 ce. Kuma irin ta Bani Suwaif guda uku suka gina a tare, ɗaya a Burullus, ɗaya a sabon babban birninsu. An sa hannu da Siemens na Jamus a 2015, aka buɗe su a Yulin 2018. Dabarar ma ta burge ni: injuna takwas na ƙona gas, zafin da ke fita daga cikinsu ba a barinsa ya bi iska, da shi ake dafa ruwa, tururin ya juya wasu injuna huɗu. Kamar macen da ta sauke tuwo ta ɗora ruwan wanka a kan garwashin.

Mu ma mun sa hannu da Siemens ɗin nan a 2019. Mun fi kowa arzikin gas a Afirka. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa. Amma kar mu ɗora wa gwamnati duka, mu ma da namu: mai jonin sata da tsakar dare, mai kwance wayar taransfoma ya kai 'yan gwangwan, mai cewa wutar gwamnati ce don me zai biya.

Nan ma ba aljanna ba ce. Mitar kati gare mu, in kuɗi ya ƙare ƙarfe biyun dare ba wanda za ka ce wa "don Allah a bari sai gobe". Kuma kowa na ƙunshe a ɗaki da na'urar sanyaya wuri. Ina kewar darenmu, a ɗauke wuta a fito da tabarmi ƙofar gida a yi ta hira har mai shayi ya tashi.

Abin da ya fi ba ni haushi, awa ukun nan ita ce Masarawa suka tayar da jijiyar wuya a kai, har Firaminista Madbuli ya fito ya ba da haƙuri. Ni kuwa har yanzu in na ga wuta sai in goge kayan sati guda a lokaci ɗaya, abokin zamana yana kallona kamar mai taɓin hankali.

Shin an gyara taransfomar layinmu, ko har yanzu ana karo-karon? In ana yi, ka sa nawa a ciki. Ka gaida Hajiya.