Barbarar ingarma ko ɗura maniyyi: wanne ya dace da goɗiya?

Goɗiya kan nemi namiji kusan duk bayan kwana 21, ta yi kwana 5 zuwa 7 tana nema, ƙwan kuma yakan fita ne kwana ɗaya ko biyu kafin neman ya ƙare. Duk hanyar da aka bi, wannan lokacin ake farauta.

Barbarar ingarma ba ta da wuyar sha'ani. A wanke al'aurar duka biyun, a naɗe wutsiyar goɗiya, a bari ya hau ta ranar farko, a tsallake kwana ɗaya, a maimaita har ta ƙi shi. Haɗarinta shuri ne, wanda kan karya ingarma mai tsada, sai cututtukan da ake ɗauka wajen hawa.

Ɗura maniyyi ya fi tsafta, kuma zubi ɗaya kan isa goɗiya fiye da guda. Sai dai aikin likitan dabbobi ne. Maniyyin da aka sanyaya a digiri 5 yakan yi kwana ɗaya zuwa biyu da ƙarfinsa. Daskararre kuwa, da zarar an narkar da shi, ba ya jira: sai an ɗura shi cikin awa 12 kafin fitar ƙwai ko awa 6 bayansa, don haka dole a riƙa duba ta da na'urar hoton ciki. Kuskure wannan lokacin kan jawo asara.

Mai kiwon dawakin sukuwa jinsin Thoroughbred ba shi da zaɓi, domin ba a yi wa ɗan da aka samu ta ɗura maniyyi rajista.

Ko wacce aka bi, a duba cikin a kwana 14 zuwa 16 bayan fitar ƙwai saboda tagwaye, da yake goɗiya ba kasafai take riƙe biyu ba.