Yankan robar akirilik: karce ko zarto?

Farantin akirilik, robar nan mai garau kamar gilashi, hanya biyu ake yanka shi a gida, kuma kaurinsa ne ke raba gardama.

In bai wuce milimita 3 ba kuma layin miƙaƙƙe ne, karce ya fi. A ɗora rula ta ƙarfe, a yi ta bin layin da wuƙa mai kaifi har ya yi zurfi, sannan a kawo shi daidai bakin tebur a danna lokaci guda. Zai ɓalle tsaf, babu ƙura. Sai dai polikabonet, wata roba mai kama da akirilik, ba ya karyewa haka, lanƙwashewa yake yi.

Zarto kuwa na mai kauri ne da yankan zagaye. Matsalarsa zafi: in aka yi gaggawa ko haƙoran sun dakushe, sai robar ta narke ta sake mannewa a bayan zarton. Manyan haƙora kuma farfasa baki suke yi. A zaɓi mai ƙananan haƙora, a danne farantin kada ya yi rawa, a tafi sannu. Ni dai, ko da wanne, ba na ɓare ledar jikinsa sai na goge bakin da sanfefa, domin akirilik ba ya jure ƙarzuwa.