Here Are The Sonics ko Introducing The Sonics? Ɗauki na farko

Ɗan'uwa, tunda kuɗin faifai ɗaya gare ka kuma kana wasiwasi tsakanin Here Are The Sonics da Introducing The Sonics, ɗauki Here Are The Sonics ka huta. Duka biyun suna nan a ɗakina. Ɗaya allura ta ci shi har ya fara ƙas-ƙas a farkon kowace waƙa, ɗayan kuwa kwalinsa har yanzu sheƙi yake yi, don ba ya fitowa sai in baƙo ya nemi gani.

Kada sunan na biyun ya sa ka zaci shi ne mafari. Shi ne faifai na uku na ƙungiyar mawaƙan The Sonics, sabon kamfanin da suka koma ne yake son gabatar da su ga sauran Amurka. Na farkon shi ne Here Are The Sonics na 1965, sai Boom na 1966, duka a ƙarƙashin wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Etiquette. Duk abin da ya sa ake kiran sunan mutanen nan har yau, a cikin waɗannan biyun yake.

Samari ne 'yan Takoma, a jihar Washinton, can kusurwar arewa maso yammacin Amurka. Gari ne na tashar jirgin ruwa da masana'antun katako da takarda, ga sansanonin soja a gefensa, kuma mutanen Siyatil da ke maƙwabtaka da su kallon garin leburori suke yi masa. Larry Parypa ne ya fara haɗa ƙungiyar a 1960 yana yaro matashi, yana kaɗa jita. Yayansa Andy ya riƙe jitar bes. Daga baya wasu uku suka shigo daga wata ƙungiya: Rob Lind mai busa saksofon, Bob Bennett mai ganga, sai Gerry Roslie mai fiyano, wanda ya zama shi ne muryar ƙungiyar. Wannan biyar ɗin su ne Sonics ɗin da ake nufi.

Aikinsu a lokacin shi ne kiɗa a gidajen rawa na matasa ran Juma'a da Asabar, irin su Red Carpet a Takoma da Spanish Castle da ke kan hanyar Siyatil. A irin wuraren nan ba mai zuwa ya zauna ya saurari daɗin murya. Zaure ne cike da yara masu neman abin da zai motsa su, kayan sautin kuma ba su da ƙarfi, dole mai ganga ya daka, mai jita ya ƙure na'urarsa, mai waƙa ya tsaga maƙogwaro. Roslie salon Little Richard ya ɗauka ya ƙara masa hauka. Ihunsa ba na ado ba ne, sai ka ce wani ne ya taka masa yatsa da gangan.

Manyan gari a wannan fage su ne Wailers. Ba Wailers ɗin Bob Marley na Jamaika ba, na faɗa don na san akwai masu rege da yawa a zauren nan. Waɗannan 'yan Takoma ne, kuma sun riga waɗancan ɗaukar sunan, tun 1959 suka yi tashe. Su suka kafa Etiquette don su riƙa buga faifansu da kansu. Mai kaɗa musu bes, Buck Ormsby, shi ya je ya ji Sonics suna atisaye ya ɗauke su. A ƙarshen 1964 aka fitar da ƙaramin faifansu na farko, "The Witch". Gidajen rediyo suka yi ta ɗari-ɗari da ita saboda ƙara da kuma maganar mayya, amma yara suka yi ta saye har Pat O'Day na tashar KJR a Siyatil ya sa ta, ta zama ɗaya daga cikin faifan cikin gida da suka fi kasuwa a yankin. "Psycho" ta biyo baya, sai babban faifan.

A situdiyon Audio Recording da ke Siyatil aka ɗauke shi, wajen wani injiniya Kearney Barton. Rikoda mai layi biyu kacal, ganguna gaba ɗaya makirfo ɗaya aka sa musu, sautin kuma aka tura shi har ya wuce inda na'ura ke iya ɗauka. Duk injiniyan da ya yi makaranta zai ce maka wannan ɓarna ce. To ɓarnar ita ce kayan. Gangar Bennett tana faɗowa kamar a cikin ɗakin kake tsaye, jitar Larry a dishe, saksofon yana gurnani a ƙarƙashi. Ana ma ba da labarin yadda Larry ke huda sifikarsa da tsinken fasa ƙanƙara don ta riƙa fitar da sauti a yage.

Nawa kwafin, wani abokin aikina ne ya taho mini da shi daga tafiya. Ranar da na fara ɗora shi, mai gyaran rediyon da shagonsa ke jikin gidanmu, wanda shi ya farfaɗo mini da garmahon ya canza masa bel da allura, ya leƙo ta taga ya ce, "Yallaɓai, kashe, kashe! Sifikar nan ta yage." Na ce lafiyarta ƙalau. Bai yarda ba. Ya shigo da sukudirebansa ya kwance murfin gaba, ya shafa takardar sifikar da yatsa, ya haska ta da tocila, bai ga ko tsaga ba. Ya ce a sa wani faifan, aka sa, sauti garau. Aka mayar da Sonics, allura ta sauka a kan "Psycho", daidai inda kowa ke tsayawa a bar mai ganga shi kaɗai ya zuba, Roslie ya kurma ihu a kai. Mutumin ya tsaya da sukudireba a hannu ya ce, "Wai da gangan suka yi haka?" Sai ya ja kujera ya ce a maimaita. Tun daga ranar, in ya gyara wa wani sifika yana son ya ji ko za ta jure, aron faifan nan yake zuwa yi, ni kuma in bi shi da gargaɗin kada ya ajiye mini shi a rana.

Waƙa 12 ne a ciki. Huɗu nasu ne na kansu, "The Witch", "Psycho", "Boss Hoss" da "Strychnine", wadda a cikinta mutum ke yabon shan guba fiye da ruwa da giya, a 1965 fa, lokacin da sauran samari ke waƙar riƙe hannun budurwa. Sauran na wasu ne suka ɗauko, na Chuck Berry da Little Richard da Rufus Thomas, da "Have Love, Will Travel" ta Richard Berry, mutumin da ya rubuta "Louie Louie". Ba zan ce maka duka sun yi daidai ba. "Roll Over Beethoven" ɗinsu cike gurbi ce, ni kaina nakan ɗaga allura in tsallake ta. Amma "Have Love, Will Travel" sun ƙwace ta ne gaba ɗaya, har yawancin mutane ba su san ba tasu ba ce.

Shi kuwa Introducing, ba laifi. A 1966 suka bar Etiquette suka koma Jerden, kamfanin Jerry Dennon da ya fitar da "Louie Louie" ta Kingsmen, aka kai su Holiwud, situdiyon Gold Star, wajen Larry Levine. Wuri mai kyau, ƙwararren mutum, kayan aiki na gani na faɗa. Abin da ya fito kamar tsire ne da aka wanke wa yaji. Su kansu masu faifan ba su taɓa ɓoye cewa ba sa sonsa ba. "Maintaining My Cool" da "You've Got Your Head On Backwards" suna sauraruwa, an kuma saka "The Witch" da "Psycho" a ciki don jan mai saye, waɗanda dama suna cikin wanda nake ce maka ka ɗauka. Kuɗin da na ba da a kansa, da Boom na ƙara wa wani kyauta da ya fi mini.

In wani kuɗin ya shigo, Boom ɗin za ka nema. A wani ɗan situdiyo a Takoma suka yi shi, har suka ɓamɓare abin tare sauti da ke jikin bango don ɗakin ya riƙa amsawa. "Cinderella", "He's Waitin'", "Shot Down" da "Louie Louie" ɗinsu mai duhu duk suna can. Akwai masu fifita shi a kan na farkon, kuma ba na musu da su sosai.

Bayan Holiwud abin bai daɗe ba. Introducing bai yi kasuwa ba, yaƙin Biyetnam na kwasar samari, kafin ƙarshen 1968 biyar ɗin nan sun watse. Lind ya zama matuƙin jirgin yaƙi na sojan ruwa, daga baya ya koma tuƙa jirgin fasinja. Andy ya shiga koyarwa, Larry ya shiga aikin inshora. Ba su taɓa samun waƙar da ta yi tashe a faɗin Amurka ba, suna dai buɗe wa manya irin su Beach Boys fage in sun zo yankin. Da a ce a nan labarin ya tsaya, da ni da kai ba mu taɓa jin sunansu ba.

Faifan ne suka ci gaba da yawo ba masu su. Da kiɗan pank ya ɓullo a shekarun 1970, masu tono tsofaffin faifai suka gano cewa wasu yara a Takoma sun riga kowa da shekara goma. Cramps suka sake yin "Strychnine" a 1980, The Fall na Ingila ma suka yi ta. Bruce Springsteen ya riƙa yin "Have Love, Will Travel" a rangadinsa na 1988. Da Nirvana da takwarorinsu suka fito daga jihar guda, Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, da bakinsa ya yabi yadda ganga ke fita a faifan Sonics. Black Keys suka ɗauki "Have Love, Will Travel" a 2003, a 2004 kuma kamfanin Land Rover ya sa ta Sonics ɗin a tallar mota, mutanen da ba su san inda Takoma take ba suka fara tambaya. Ka duba jerin nan da kyau: duk waƙoƙin da aka yi ta ɗauka daga faifan Etiquette suke.

A 2007 Roslie da Larry da Lind suka sake hawa dandali a bikin Cavestomp a Buruklin, suna dattawa, shekara ta gaba suka je Landan. A 2015 suka fitar da This Is The Sonics, wanda Jim Diamond ya ɗauka a mono, wato sautin duka a haɗe ta hanya ɗaya, kamar na da. Dattawan sun ba ni mamaki, na fi sa shi a kan Introducing nesa ba kusa ba. Daga 2016 Roslie da Larry suka daina yawon wasa, don haka in ka ga sunan ƙungiyar a wani hoton bidiyo na baya-bayan nan, kada ka ɗauka su biyar ɗin ne.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa: ka yi hattara da masu sayarwa. Here Are The Sonics yana cikin waɗanda 'yan damfara ke so, domin bugun Etiquette na asali kaɗan aka yi, kuɗinsa kuma a wajen masu tara faifai ba na wasa ba ne. Duk wanda ya ce maka yana da bugun farko na 1965 a farashin da kai da ni za mu iya biya, ko bai san abin da ke hannunsa ba, ko ya sani sarai. Wani ya taɓa turo mini hoton "na asali" ta WhatsApp, na ce ya juya bayan kwalin, sai ga lambar nan mai zane-zanen layi da ake haskawa a kanti. Ba a fara sa wa faifai ita ba sai ƙarshen shekarun 1970. Da na nuna masa, sai ya ce wai sitika ce, daga nan ban sake ji daga gare shi ba. Ka sa a ɗauko maka hoton gaba da baya, da takardar tsakiyar faifan, da 'yan lambobin da aka karce a santsin da ke kusa da ita, ka gwada su da abin da ke Discogs, shafin intanet mai tara bayanan faifai. Hoton da aka ɗauko daga intanet ba hoton kaya ba ne. Ka ce a rubuta sunanka a takarda a ajiye kusa da faifan a ɗauka.

Akwai kuma masu miƙa maka Sinderella na 1980 a matsayin tsohon faifan Sonics. Roslie ne da wasu mawaƙan daban suka sake yin tsofaffin waƙoƙin. Sai masu buga na jabu daga CD, kwali a dushe, rubutu yana rawa, sauti kamar daga cikin tulu.

Kai dai nemi wanda Norton Records na Niyok suka sake bugawa, a mono, da izini, farashinsa na mutane. Shi ne nawa. Kada kalmar mono ta tsorata ka, a haka kiɗan ya fi haɗuwa wuri guda ya doke ka a ƙirji. In kuwa ba lallai sai faifan garmaho ba, akwai CD mai suna Psycho-Sonic na Big Beat a Ingila, wanda ya haɗa Here Are The Sonics da Boom a wuri ɗaya, ka ga da kuɗin guda ka samu biyu.

In turo maka za a yi daga waje, ka roƙi a fitar da faifan daga kwalinsa a naɗe su gefe da gefe tsakanin kwali mai kauri, don kada gefensa ya tsaga kwalin a hanya. Ranar da ya iso ka je ka karɓa da wuri, kada ya yini a bayan mota, zafinmu lanƙwasa faifai yake yi kuma ba ya miƙewa. Kafin ka sallami ɗan aike, ɗora shi a kan tebur ka duba ko ya kwanta daidai.